Gwafar Ɗakin Inna

Darini, ta Batsari

Yaya Mannir,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya mutanen Safana? Tunda aka katse layin waya, sai takarda.

Baba ne dai. Tun rasuwar Inna bai yarda ya kwana ko'ina ba sai ɗakinta. Ka san halinsa, kowace bazara sai ya ƙara wa rufin soron yaɓe, wai kada ruwa ya taɓa gadonta. Tsohon yaɓen kuwa ba ya kankarewa. Gwafar da aka tokare azara da ita ta ɗan yi ciki. Na nuna masa, ya ce ta girme ni. Kai da ka karanta gini, ka yi magana. Ni tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Mardiya

Safana

Mardiya,

Wa alaikumus salam. Ki gaishe da Baba da kyau, ki karanta masa wannan.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tsayar da kara, ka danna shi da tafin hannu. Zai tsaya ƙyam, ka ƙara ya tsaya, sai lokaci guda ya fanɗare gefe. Ba ya sallama. Wanda ya riga ya ɗan lanƙwashe kuwa, nauyi kaɗan ya ishe shi. Tsayuwar gwafa jiya ba ta lamunce mata yau ba. Don Allah ka koma zaure, kada a ƙara ko kwano ɗaya na laka. Ina tafe ranar Juma'a da ƙarfen da zai maye gurbin gwafar, in kwana biyu mu gyara.

Ɗanka,
Mannir

Darini

Yaya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba ya ji maganarka, ya koma zaure, har yana yi wa maƙwabta alfahari da ɗansa. Amma da ya ga hadari ranar Laraba, sai ya ce Mannir zai zo, a ɗakin uwarsa zai kwana, ba zai tarar da yoyo ba. Na riƙe masa riga, ya yi dariya, ya ce tsaga ɗaya ce kawai zai liƙe. Ya hau da kwanon laka.

Ko ƙara gwafar ba ta yi ba, Yaya, sai rufin ya rufta da shi. An yi masa sutura bayan la'asar. Zuciyata ta karye.

Sabuwar tabarmar da ya saya maka tana zaure, ban kwance ta ba. Ka zo, ka bar ƙarfen.

Mardiya