Baba bai sha maganin ba, kuma ni kaɗai na sani

Salam Anti, ina gaishe ki da masu bin wannan shafi. A ɓoye sunana don Allah, kuma mai son zagina ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Muna zaune gaban likita a Kano, ya kafa hoton ƙwaƙwalwar Baba a jikin fitila, ya juyo ya ce, "Wa ke ba shi maganin hawan jininsa?" Yayata ta nuna ni. Ya ce, "Yana sha kullum?" Na ce, "Kullum." Wallahi bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani.

Mu 'yan Haɗeja ne, Baba masunci ne, ni ne auta. Boko na bar ta tun ƙaramar sakandare, yau ina acaɓa, gobe ina ɗaurin kifi a kasuwa, ba na iya zama waje ɗaya. Da aka gano hawan jinin Baba sai Yaya, da yake tana aure a Jahun, ta ɗora mini ba shi ƙwayar, tunda ni ne a gida. To ƙwayar nan tana sa shi fitsari. Shi kuwa mutum ne da tun yana saurayi ba ya zama babu alwala, ko a cikin kwalekwale yake. Rannan ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, wannan abin naku ya mai da ni ɗan goye. Alwala nawa zan yi a wuni? Ka bar shi, tsakanina da kai." Na ce Yaya za ta ci ni ɗanye. Ya yi dariya ya ce, "Ita ta haife ka ko ni?" Ni kuma gaskiya na ji daɗi, don na huta da dawowa gida a kan lokaci. In Yaya ta bugo sai in ce ya sha, ƙwayar kuma in watsa ta a kogi. Damina biyu muna haka.

Sai ya fara jan ƙafa kamar mai tafiya a taɓo. Ya tashi gyaran komarsa ta kamun kifi ya tsaya yana kallon zaren. Ya faɗi a bakin ruwa. Wani lokacin ya fashe da kuka ba a yi masa komai ba.

Likitan ya nuna mana wasu fararen tabo a hoton. Ya ce akwai 'yan siraran jijiyoyin jini da ke shayar da can cikin ƙwaƙwalwa, inda wayoyin da ke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan suke. Da ya ji daga ina muke sai ya ce, "Kun san yadda ciyawar kacala ke toshe hanyar ruwa, gonar da ke can ƙarshe ta bushe? To haka ne. Tsufa yana kawo shi, amma hawan jini shi ke ingiza shi. Inda ya bushe ba zai dawo ba, sai dai mu kare saura." Ina jin haka na tambayi kaina: Wane irin ɗa ne ni?

Ga inda abin ya ƙulle. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tara mu a tsakar gida ta ce, "Damina biyu mutum yana haɗiyar ƙwayar asibiti, ga sakamako nan a gabanku. Wannan ba ciwon likita ba ne, a ruwa ya gamu da shi." Ta ce ranar Juma'a za a kai shi wurin wani mai magani a Birniwa, kuma sharaɗinsa a ajiye duk wata ƙwaya. Yaya ta so ta yi musu, Gwaggo ta ce, "Ke da bakinki kika ce bai taɓa fashi ba." Ni kuwa ina ta wasa da makullin babur.

Na je na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, ka gaya musu kai ka ce in daina." Ya kalle ni ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Ko ya manta ne, ko kare ni yake yi, ban sani ba. Haushin kowa nake ji, har shi, amma na kaina ya fi.

In na faɗa, Yaya ba za ta sake kallona ba, dangi kuma su ce auta ya kashe ubansa da ransa. In na yi shiru, ƙaryata ce za ta raba shi da maganin da zai kare abin da ya rage masa. Jama'a, me zan yi?

Iyakar abin da na iya tura wa Yaya ke nan, kuma na ga alamar ta karanta:

"Yaya kar ki bari a tafi da Baba Birniwa. Maganin asibiti bai gaza ba. Ki zo gobe ki tambaye ni yadda aka yi na sani, amma ki zo ke kaɗai."