Dilan Baba Ya Rasa Ƙafa

Laraba da dare, Yauri

Na gaji, amma hankalina kwance. Yau na gano abin da ya sa Baba ya kwana huɗu bai saurari labarai a wayarsa ba. Na iske shi bayan la'asar yana gyaran komarsa ta kamun kifi, wayar na kife a gefen tabarma.

Na ce, "Baba, mi ya samu wayar taku?"

Ya ce, "Uwata, dilan nan da nike dannawa, na bar ganin ƙafarshi. Ina jin idona ne ya fara tahiya."

Baba bai karanta boko, da hoto yake gane burauza, manhajar da yake shiga intanet da ita: jan dila ya naɗe shuɗiyar ƙwallo. Ashe da na sabunta masa tsohuwar wayar tambarin ya sauya. An cire ƙafar da zanen gashin, saura wani abu kamar harshen wuta. Na nemo masa tsohon da sabon, na jera su. Na nuna masa tambarin wata burauzar mai launi huɗu ma, da yana ƙyalli kamar tumatir, yanzu ya baje kamar faifai. Ni kaina da burauza mai tambarin shuɗin "e" mai zobe na koyi kwamfuta, kuma tuni aka sauya shi.

Ya duba, ya sake dubawa, sai dariya. "Ashe su suka yanke mishi ƙafa!"

Kwana huɗu yana ɗauke da wannan tsoro shi kaɗai, muna gida ɗaya. Ranar Asabar zan kai shi a duba idon. Ya yarda, ko musu bai yi ba.