Ƙullin da Ke Wuyan Bututu

Uwata,

Na wanke miki bututan nan tas! Duka shidan, da soso da sabulu, har suna ƙyalli. Au, ban ma gaishe ki ba. Ina gajiya, yaya karatu? Kakarki na gaishe ki, ƙafar da sauƙi.

Tun da kuka bar su a ɗakin ciki nake kallonsu raina ba daɗi. A ce taɓon da jikata ta haƙo daga gindin tafki ya shiga jami'a duƙun-duƙun, ga zane-zanen baƙin alƙalami a jiki? Gobe direbanku zai ɗauka.

Ki tuna alkawarinmu. Mahaifiyata, mai sunanki, ta ce shekarar da ta haife ni ta ratsa tafkin nan a ƙafa tana goye da ni, ko zanenta bai jiƙe ba. Ƙanena Auta shekara hamsin yana cewa tatsuniya ce. Ki tambayo mini taɓon.

Allah ya yi miki albarka. Da hannuna na rubuta.

Kakanki

*

Kaka,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Bututan sun iso, ba su taɓa yin kyau haka ba. Amma Kaka, ka kashe ni!

Zane-zanen nan lambobi ne da kibiyoyi. Taɓon dogo ɗaya ne muka yanka shida. Kowace shekara tsirran ruwa na mutuwa su kwanta a kan na bara, kamar shafukan littafi. Muna tace zaren jikinsu mu auna iskar oksijin da ke ciki, don iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. In aka yi fari, rana na kwashe marar nauyin, mai nauyin ta yi yawa a ruwa, tsiro ya sha ya ajiye shaida. To yanzu ban san na farko ba, ban san ina ne sama ba. Littafi ne aka ɓalle shafukansa. Gwajin da zai sake jera su wata shida yake ci, ni kuwa wata biyu ya rage in miƙa aikina.

Na yi kuka, amma ban yi fushi ba. Igiyoyin da ka ɗaura wa bututan, don sauƙin ɗauka ne? Zan kwance su in sa bututan a firji.

Jikarka mai ƙaunarka

*

Uwata,

Kada ki kwance igiyar nan! Na ba direba wannan takarda, na ce ko ruwa kada ya tsaya sha.

Kunya ce ta hana ni faɗa miki. Kafin in wanke, na yi niyyar sake rubuta lambobin da hannu mai kyau irin wanda malaminmu na ajin yamma ya koya mana. Don kada in manta, sai na ɗaura zaren komar kamun kifi a bakin da kibiya ke nunawa: ƙulli ɗaya lamba ɗaya, ƙulli huɗu lamba huɗu. Haka muke shaida komarmu tun ina masunci ban san ko baƙi ɗaya ba. Da na gama wanki, biro ya ƙi kama roba. Na yi shiru, don ban so ki ce kakanki mai satifiket ya koma rubutun jahilai.

Ki yafe wa tsohon ɗanki. Kwana biyu abinci bai shige ni ba.

Kakanki

*

Kaka,

Bayan gaisuwa: almakashi na hannuna direba ya shigo yana haki. Mun jera su bisa ƙullinka, launin taɓon kowane baki ya haɗu da na ɗan'uwansa daidai.

Ga amsarka. A bututu na biyu akwai wurin da mai nauyin ta yi tsalle fiye da ko'ina, kuma lissafinmu ya faɗa kusa da shekarun haihuwarka. Taɓo ba zai ce ya ga mace da goyo ba, amma ya ce ruwan ya janye ƙwarai. Malamata ta hana a cire igiyoyin. Ta ce in sa sunanka a shafin godiya. Ranar Asabar zan zo da takardar zanen sakamakon. Ka ci abinci, ɗan nan!

Uwarka

*

Auta, da duk wanda za a karanta wa,

Taɓo ya ba Inna gaskiya! Sallama kuma daga baya.

Asabar da hantsi kowa ya zo gidana: 'ya'ya, jikoki, surukai, tsofaffin abokan kamun kifi, har malaminmu. Za a shimfiɗa takardar a tsakar gida, ni zan karanta muku da bakina. Ku zo ku gani. Kai kuwa Auta, ka taho da tabarau ɗinka, kuma a ƙafa, yadda ta ratsa.

Yayanka