Gashin da Ke Ƙuguna, Tambari Ne ko Ciwo?

Tursun-aka, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure.

An haife ni da ɗan tsiron gashi a ƙasan gadon bayana. Kakata, Oysuluv-momo, ta ce tambarin 'yan kokawa ne, kakanmu ma da shi ya zo duniya. Tun ina rarrafe ake kirana gwarzo. Na kuwa kayar da maza, rabin ragunan gidanmu a filin kokawa na ciwo su.

To, tun bara ƙuguna ke ciwo, har ya sauko kwatangwalon hagu. In mun zauna a ƙasa cin abinci, sai na dafa bango nake tashi. Mai ɗorin ƙauyenmu ya tattaka ni, ya shafe ni da kitsen wutsiyar rago, na yi ta ƙarni, ciwo yana nan. A asibitin gunduma aka ɗauki hoto. Likita ya ce wani ƙashin bayana bai gama haɗewa ba tun ina ciki, wai mutane da yawa haka suke, ba komai. Wata likitar da ta ga gashin sai ta ɓata fuska, ta ce ko buhu kada in ɗaga sai an yi wani hoton a birni. Wa zan bi? In tun haihuwa ne, ina ciwon ya ɓuya duk shekarun nan?

Ga kuma babbar matsalar. Matata ta haifi namiji, Ulmas, da gashin nan sak a wurin. Momo har kukan murna ta yi. Ta gayyaci ƙauyuka bikin sa shi a gadon jarirai, da kokawa, ni zan buɗe fili. In na ƙi, na kunyata tsohuwa a gaban jama'a. Ko matata ban gaya wa abin da likitar ta ce ba. Tsoro nake ji, ban ma san tsoron me ba.

Gwarzo mai dafa bango, daga lardin Surhandarya

Amsar Tursun-aka: Ƙanena, likitocin nan ba saɓani suka yi ba. Na farko ƙashi ya duba, kuma da gaskiyarsa: wannan 'yar tazara galibi ba ta damun kowa, ƙila ma kokawar ce ta gajiyar da ƙugunka. Ta biyu fata ta duba. Gashi a wurin, wani lokaci, alama ce cewa lakar ƙashin baya ta maƙale a ciki, hoton farko kuwa ba ya nuna wannan. Ka je birni. Kafin nan, ba kokawa, ba tattakawa. In ƙafa ta fara sagewa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a ranar za ka tafi.

Momo ba ƙarya ta yi ba, ta ga alama ne ta fassara ta da ƙauna. Ragunan nan kuwa ba gashi ya ciwo su ba, kai ne. Ka gaya wa matarka yau, ku sami tsohuwa tare. A yi biki, a dafa shinkafa, kai ka riƙe ragon kyauta ka miƙa wa wanda ya yi kaye. Za a yi gunaguni, ya wuce.

Na lura duk tambayoyinka kan bayanka ne, ba ko ɗaya kan bayan Ulmas, kuma ina jin a nan tsoron naka yake. Kai sai da ka girma wani ya duba ka. Shi yana da uban da ya sani. Ranar tafiya birni ka ɗauke shi, a fara da shi.

Allah ya ba ka lafiya, ya raya Ulmas, ko ya yi kokawa ko bai yi ba.