Gonar Baba da Awakina Suka Share

Bima, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yayana Juraidin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki a aikin kwakwar manjan nan na Sabah, can ƙetaren teku, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na maciji. Mu nan sai godiya. Inna gwiwa ce ke damunta, a zaune take salla yanzu, amma tana cin abinci. 'Yata Nurmi ta sauka lafiya, an samu mace. Hadari ya fara haɗowa ta wajen teku, ruwa dai bai sauka ba tukuna.

Yaya, maganar gonar Baba ta kan tudu ce ta sa na ɗauki biro, don in a waya ne kuka zai hana ni ƙarasawa. Ka san yadda ka bar ta. Shekara tara tun rasuwarsa ba wanda ya sa mata fartanya, bagaruwa da magarya da sarƙaƙiya suka haɗe har kare ba ya iya ratsawa, aladun daji suka mai da ita gida. Da mijina Mahfud ya rasu na rasa inda zan noma, na kira ka na tambaye ka. Ka yi dariya ka ce, Kalisom, in kin iya da ƙayar nan ki ɗauka, ni ko da kyauta ba na so. Ranar Juma'a ce, Inna tana gefena tana ji.

Ba ni da halin ɗaukar 'yan ƙwadago, awaki goma sha ɗaya kawai Mahfud ya bar min. Na sari gora na yi shinge, in killace ɗan wuri in zuba su ciki. Sai su cinye ganyen tas, su miƙe a ƙafafun baya su kamo na sama, su ɓare bawon itacen har ya bushe. In sun gama in shiga da adda in sare saura, in tara in ƙona, in ciro shingen in matsa gaba. Ruwansu daga rafi nake ɗaukowa, jarka biyu da safe, biyu da yamma, a hawan nan da ka sani. Matan da ke wucewa kasuwa su tsaya suna tsokanata, wai sannu uwar ɗakin ma'aikata masu gemu, yaushe za a biya su albashi? Karnuka suka kashe min biyu, mesa ta haɗiye ɗan akuya ɗaya. Wata ƙaya ta shige min tafin hannu ta yi ruwa, har yau yatsuna biyu ba sa lanƙwasuwa. Rani biyu da damina biyu ina kan wannan. A watan jiya awakin suka kai ƙarshen gonar ta gabas, dutsen iyaka na ƙarshe da Baba ya kafa ya bayyana. Na zauna a kansa na yi kukan murna, washegari na je na sayo irin masara.

Talatar makon jiya ina ba su ruwa sai ga Sirajudin, ƙanen matarka, a kan babur, ya goyo wani mutum mai igiyar awo. Ya ce sannu da aiki Yaya Kalisom, wallahi kin hutar da mu, da sai mun kawo inji. Na ce awon me ake yi a gonar ubana? Ya ce ai kai ka ba shi ya noma masara shekara biyar, ya ciro waya ya kunna min saƙonka. Na so a ce ƙarya yake yi. Muryarka ce, har da ɗan tarin nan naka. Na ji ka ce masa Kalisom ai kiwo kawai take yi a wurin, awakinta sun ci sun ƙoshi, ita ce ma da godiya. Kiwo, Yaya? Haka ka kira shi?

Na je wurin shugaban ƙauye. Ya ce takardar gonar sunanka ne a kanta, maganar waya kuma sai da shaida. Na dawo na tambayi Inna. Ta sunkuyar da kai ta ce ita kunnenta ya yi nauyi, kada in sa ta tsakanin 'ya'yanta. Ban ga laifinta ba, kai ke aiko mata da maganin gwiwa. Sirajudin ya sake dawowa, ko kunya babu, wai in bar masa shingen, kuma bayan girbi in riƙa kawo awakin su cinye toho tunda saiwar ƙayar ba ta gama mutuwa ba. Na ce masa ya durƙusa ya ci da kansa, ai shi ma Allah ya ba shi gemu. Kwana biyu na yi ina cire gorata, ko sanda ɗaya ban bar masa ba.

Ba roƙonka nake yi ba, kuma ba zan kai ɗan uwana ƙara ba. Matarka Ma'ani ta aiko cewa za ka sayo min sabuwar waya in ka tashi zuwa, ka bar wayar kawai. Tsoho Yasin na hayin rafi yana da fili da ƙaya ta cinye kamar namu, ya ce in share in noma shekara huɗu. Na ce sai an rubuta. Ya ce haba 'yata, ni ma ba ki yarda da ni ba? Na ce Baba ka yi haƙuri, wanda muka sha nono ɗaya da shi ne ya koya min. Aka rubuta a gaban liman da shaidu biyu. Jiya na kafa shinge a filin na zuba awakin. Noman bana ya wuce ni, irin masarar na ba Nurmi.

Ka gai da Ma'ani, da yaran nan naka Fitriah da Arif, Allah ya yi musu albarka. Ka gai da Kawu Hamid in kun haɗu a masallacin Juma'a. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daure ka zo Sallah. In ka zo za ka tarar da ɗakinka a share, zan dafa maka abin da kake so. Ka dai yi min alfarma ɗaya, kada ka ce min sannu da aiki.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Kalisom