Ƙorafi a Kan Kaset ɗin Walimar Gidan Abincin Indiyawa

Kubura Sanda,
Gidan Malam Sanda, Wendover Avenue,
Greensboro.
Litinin, 19 ga Maris, 1984.

Zuwa ga Mai Girma Alhaji Maikano,
Shugaban Ƙungiyar Zumuntar Hausawa Mazauna Greensboro.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

GAME DA: KASET ƊIN WALIMAR BANKWANA DA ABIN DA AKA YI WA MAHAIFIYATA

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce 'yar Malam Sanda, wanda ke karatun aikin gona a jami'a. Shekarata sha biyar. Na san ba hurumina ba ne in rubuta wa babba irinka, kuma ban taɓa rubuta irin wannan takarda ba. In na yi kuskure a yafe mini. Baba bai san na rubuto ba.

A ranar Asabar, 10 ga Maris, Ƙungiya ta shirya walimar bankwana ga Malam Bello, wanda ya gama karatu zai koma gida, a gidan abincin Indiyawan nan mai fararen mayafan tebur da kyandura. Tunda Umma ta zo ƙasar nan bara ba ta taɓa cin abinci a waje ba. Ba ta jin Turanci, amma tana jin Indiyanci kaɗan, wanda ta tsinta a finafinan da talbijin ke nunawa a Kano. Tun a mota take maimaita kalmomin a hankali.

Da aka kawo shinkafa mai kayan ƙamshi da gurasa mai zafi da miyar alayyafo, sai ta yi wa dattijon da ke kawo abinci godiya da yarensu. Ya yi murna har ya kira uwargidan mai wurin, ta fito ta riƙe hannun Umma. Umma ta so ta yaba girkin, sai ta faɗi wata magana da ta taɓa jin yarinya ta faɗa wa uwarta a fim, ma'anarta wai zuciyata taku ce. Iyakar abin da ya faru ke nan. Ga ƙorafina:

1. Malam Sirajo, sakataren Ƙungiya, ya ajiye rikoda a tsakiyar tebur, ya ce jawabai zai ɗauka. Jawabai suka ƙare bai kashe ba, kuma bai tambayi kowa ba.

2. Da Umma ta yi waccan magana, sai ya miƙe ya fassara wa jama'a, amma ya sauya ta. Ya siranta murya, ya dafe ƙirji, ya ce wai Hajiya ta ba mai kawo abinci zuciyarta a gaban maigidanta. Ranka ya daɗe, hannun matar ne a hannunta lokacin, kowa ya gani. Daga nan ya juya ya ba dattijon haƙuri da Turanci, ya ce daga ƙauye aka kawo ta. Umma haifaffiyar Koki ce, cikin birnin Kano. Shi ma dattijon bai ce an yi masa laifi ba, kansa kawai ya sunkuyar ya kwashe kwanuka. Umma ba ta sake kai loma ba. Alewar madarar da matar ta kawo mata, a jaka ta zo da ita gida, tana nan har yau.

3. A ranar Lahadi, 11 ga wata, Malam Sirajo ya kunna kaset ɗin a falonsa gaban baƙi, yana mai da wurin baya ana sakewa. Anti Larai, ɗaya daga cikin baƙin, ita ce ta bugo mana waya ta faɗa, wai don kada mu ji a bakin wasu. Yanzu yara a karatun Lahadi in sun gan ni sai su dafe ƙirji. Wannan zan iya jurewa, na saba shiga littafi in yi kamar ban gani ba. Umma ba ta da littafin shiga.

4. Wanda ya fi damuna: an ce kaset ɗin tsaraba ne, Malam Bello zai tafi da shi ranar Asabar, 24 ga wata, don a ji yadda Hausawan Amurka ke zumunci. A Kano, gidan su Malam Bello da gidan Goggo, yayar Baba, katanga ce tsakani. A can ba wanda zai ga hannun da Umma ta riƙe. Muryarta za su ji, da fassarar Malam Sirajo, da dariyar maza. Kai ka fi ni sanin yadda irin wannan magana ke bin mace har jikokinta. Baba ya ce a bar wa Allah, ba ya son a ce ba ya ɗaukar wasa. To shi ba sunansa za a ɓata ba.

5. Ina neman gafara kafin in faɗi wannan. Kai ma ka yi dariya, ranka ya daɗe. Kujerata na kusa da taka. Ina kyautata zaton ba ka ji yadda abin ya faro ba ne.

Saboda haka, cikin ladabi ina roƙon a karɓi kaset ɗin daga hannun Malam Sirajo kafin ranar tafiya, a goge wurin a gabanka, a kuma bincika ko ya kwafa wa wani. Ina roƙon a umarce shi ya gyara fassararsa a gaban waɗanda suka ji ta farko. Ba na neman ya zo gidanmu ba da haƙuri, don Umma za ta tashi ta dafa masa shayi ne kawai.

Jiya da yamma Umma ta tambaye ni ko kaset ɗin zai tafi. Na ce mata ba zai tafi ba, akwai Shugaba. Ta ce to, ta ci gaba da ninke kaya. Don Allah, ranka ya daɗe, kada a mai da ni maƙaryaciya a wurin mahaifiyata.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

'Yarka mai biyayya,
Kubura Sanda