Abin da ke Bayan Ƙofa

Kyoto, 3 ga Afrilu, 1981

Zuwa ga Darakta Kuwabara,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan sanyin bana bai taɓa maka ƙirji ba. Fumie ce, mai yanka maka fim ta haɗa.

Na ji za a karrama ka saboda "Ɗakin Sama". Har yau mutane na riƙe numfashi inda matar ta hau matakala, ta ɗora hannu a ƙofa, fim ya ƙare ba a ga cikin ɗakin ba. Ni da kai mun san ka ɗauki cikin ɗakin. Na ce maka shayi ya zube mini a kan fim ɗin wurin ya lalace, ka rufa mini asiri, ka ce wa masu kamfani haka ka tsara. Ba don kai ba da an kore ni, ga uwata kwance. Wannan alheri ba na manta shi.

Amma Malam, ƙarya na yi. Da gangan na yanke na ɓoye. Ga shi nan cikin gwangwani na aiko. Shekara ashirin da uku ina tsoron ranar da za ka tsane ni.

Taka mai biyayya,
Fumie

Kamakura, 9 ga Afrilu

Fumie,

Ƙirji da sauƙi, likita dai ya raba ni da taba, mugu. Saƙo ya iso. Kwana huɗu na yi ina ɗaukar wurin nan, ke kuma almakashi ɗaya! Me ya sa?

Kuwabara

Kyoto, 14 ga Afrilu

Malam,

Barka da samun sauƙi. Tunda ka tambaya, ka yi haƙuri da amsar. Gawar mijin da aka nuna a ɗakin, kowa ya gani ya san roba ce. Na kalla sau uku, na uku dariya ta kuɓuce mini. Da na tsayar da fim a bakin ƙofa kuwa, sai tsigar jikina ta tashi, na kasa waiwayawa. In faɗa maka? Kai da ka jefi mai kula da fitilu da takalmi don ya yi tari?

In ka so in bayyana wa duniya, zan yi. In kuma ka yanke hulɗa da ni, na cancanta.

Taka,
Fumie

Kamakura, 20 ga Afrilu

Fumie, sarkin taurin kai,

Ina gaisuwa. Ke da ko ruwa ba kya bari a shigo da shi ɗakin aikinki, wane shayi? Tun ranar na sani. Na kalli yankanki, na ga ya fi nawa, girman kai ya hana ni cewa na gode. Duk finafinan da na yi bayan nan, ƙofarki nake kwaikwaya.

Na gode, Fumie. Na sa a ajiye miki kujera kusa da tawa a wurin karramawar, kuma da bakina zan faɗi sunanki.

Gwangwanin yana kan tebur. Ban buɗe ba. Ke kika koya mini.

Naki,
Kuwabara